Waƙar da Ba Mu Rera Ba a Sansani

Cocinmu a Maamobi, cikin Zangon Ankara, ɗaki ɗaya ne, tsakanin shagon tela da makarantar Islamiyya. Iyayenmu 'yan arewacin Gana ne, kowa da yarensa. Hausa ce ta haɗa mu, da ita muke addu'a, da ita muke faɗa. Shekarar da aka gayyaci matasanmu babban taron sansani na dogon hutu, abu ɗaya muka sa a gaba: mu hau dandali mu rera waƙarmu ta Hausa, Ankara duka ta ji. Mun sha gwaji har tela ya haddace amshi. Ni ce mai ba da waƙa, kuma kaina ya kumbura ba kaɗan ba.

Gwaggona aka haɗa mu da ita, ta yi mana girki ta kuma sa mana ido. Ita ba ta tauna magana kafin ta furzar.

Muka sauka daga motar trotro a wani filin makaranta can bayan gari, tantuna ko'ina. Kowannenmu da tabarmarsa, da butarsa rataye a jaka. Wane ɗan Zango ne zai shiga bayi ba buta? Mu 'yan mata kanmu a ɗaure, muna durƙusawa mu gaida manya, bakinmu ba ya rabuwa da "wallahi" da "in sha Allahu". Mu ba mu ga komai a ciki ba, mutanen taron kuwa sun gani.

Tun ranar ake nan-nan da mu. Matan manyan unguwanni suna rungumar mu, suna ƙara mana nama, wata har da hawayenta a kafaɗata. Na ce a raina, kai, ashe haka ake son 'yan Zango! Ko sau ɗaya ban tambayi dalili ba. Wanda ake ƙara wa nama, ina ruwansa da tambaya?

Ranar Asabar da yamma aka kira mu. Muka tuɓe takalma a gindin matakala, don a cocinmu ba a taka gaban bagadi da takalmi, muka jeru cikin ankonmu. Babban faston taron ya ɗaga hannu, ya ce da Turanci jama'a su dubi rayukan da aka fizgo daga Zango, jiya suna masallaci, yau ga su. Fili ya ɗauka da Haleluya. Sai ya miƙo mini makirfo, ya ce kafin waƙa in ba da shaidar yadda na tuba.

Ni da aka yi wa baftisma ina goye! Kakana ne ma ya fara tara mutane addu'a a ɗakin nan namu. Na waiga wajen shugaban matasanmu, ya sunkuyar da kai. Mai gangarmu ya raɗa mini, "Ke, ce wani abu mana, mu samu mu yi waƙarmu." Na tsaya riƙe da makirfo, numfashina kaɗai ke fita ta lasifika.

Sai ga Gwaggo ta hawo, zaninta duk toka. Ta karɓe makirfon, ta saki yaren Twi irin nata na kasuwar Malam Atta.

"Fasto, ka yi haƙuri, ba a faɗa maka daidai ba. Yaran nan a coci aka haife su. Buta ta wanke jiki ce. Maƙwabtanmu kuwa ba wanda ya fizgo mu daga hannunsu, su suka ara mini tukunyar da nake girki da ita."

Wani ya ƙyalƙyale can baya, dariya ta bazu. Fasto ya yi murmushin yaƙe, ya ce lokaci ya ƙure, ya yi wa mawaƙan wani coci alama. Kafin mu ankara jita da ganguna sun tashi, mawaƙan suna hawowa ta matakalar da za mu sauka, suna watsa mana takalma.

Haka muka duƙa a gaban jama'a, cikin anko, muna laluben silifas tsakanin ƙafafun mutane. Matar da ta yi mini hawaye ta janye ƙafarta, ko kallona ba ta yi ba. Kunya ta rufe ni. Ina jin kunyar Gwaggo da Twi ɗinta, ina jin kunyar shirun da na yi, har naman da na ci sai da na ji kunyarsa.

Gwaggo ta tsaya a kaina. "Ke, ɗaga kanki. Sata kika yi?"

Na ce, "Gwaggo, ai da kin bari mun yi waƙar tukuna."

Ta dube ni, ta ce, "Da wane bakin?"