Baƙuwar da muka bari ta ci ita kaɗai

Shekarun baya, ina karatun noma a Gusau, aka kawo mana ɗalibai daga Gambiya su ga yadda muke aikin gona. Aka ce kowa ya ɗauki guda zuwa gidansu. Ni da rawar kai na fara ɗaga hannu, na tafi da wata shiru-shiru gidanmu a Kucheri.

Mahaifiyata ta rasa inda za ta sa ta don murna. Ta yanka kaza, ta share mata ɗaki. In an gama tuwo sai ta kai mata, ta ja labule ta fito, ta kore mu daga ƙofar. Haka muka saba, ba a tsare baƙo da ido yana ci.

Amma kwanon sai ya dawo kusan yadda aka kai shi. Inna ta canza miya, ta yi dambu, ta dama fura. Shiru. Ni kuwa, gwanar fassara, na ce yaji ne ya yi mata yawa.

Wata safiya na tarar tana haɗa kayanta, idonta jawur. Ta ce min da Turanci, "Laifin me na yi wa mamanki? A garinmu kwano ɗaya kowa ke sa wa hannu. Wanda aka ware wa nasa, ba a son shi ne."

Da na faɗa wa Inna, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ɗiyar mutane na nan da yunwa, ni ina ganin girmama ta nike?"

Inna, wadda ban taɓa ganin ta ci a gaban baƙo ba, ta wanke hannu ta zauna a tabarma kusa da baƙuwar, tana tura mata tsokar kaza gabanta. Ba mai jin yaren wata, amma suka share kwanon tas. Ranar aka kwance kayan.

Bayan shekara biyu ni ma karatu ya kai ni ƙasarsu, na sauka gidansu. Mahaifiyarta ta ajiye min shinkafa da kifi, ta fita da sauri ta ja ƙofa. Ashe ƙawata ta koya mata irin namu, don kada in ji baƙunta.

Na zauna ni da kwano, ina jin dariyarsu a tsakar gida. Sai a lokacin na san abin da ta sha a ɗakinmu, har na yi ƙwalla. Na ɗauki kwanon na fita, suka matsa min wuri.

Inna ta tsufa yanzu. Amma har gobe in ta kai wa baƙo abinci, takan tsaya a bakin ƙofa ta tambaya, "In zauna, ko in ba ka wuri?"