Hannun Mai Burodi

Tsvetana, mai karɓar ƙorafi a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birni, tana hararar matar da ke gabanta. Doguwa ce, 'yar ƙabilar Romani, tsirarun da ake rainawa a garin, kwaɓin fulawa ya bushe a faratanta. Irinsu ba sa rasa abin kuka, in ji Tsvetana a ranta, ƙila ma sata ta yi.

"Daga gidan burodi aka kore ni," in ji matar. "Wai masu saye suna ƙyamar hannuna."

Ta sa hannu a takardar ƙorafi, ta mayar da biro. Tsvetana ta karɓa da bakin yatsu, ta goge shi da tsumma.

Matar ko ƙiftawa ba ta yi.

"Goge shi tas, madam. In kin gama, miƙo wata takardar, ki faɗa min sunanki."