Ƙafar Auduga da Birkin Jan Kwali

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban ƙwai ne. In na faɗi haka mutane sukan yi dariya, ni kuwa sai in bar su su gama, don wanda bai taɓa ganin abin da birki ɗaya yake yi wa mota cike da ƙwai ba, ba shi da bakin magana. A gidansa na tashi, kuma tun ina ƙarama sunan da nake ji ana kiransa da shi a gareji da bakin titi shi ne Ƙafar Auduga.

Ba a banza ya samo sunan ba. A wajen wani mai sayar da gilashin taga ya koyi tuƙi, inda tsayawar gaggawa ɗaya take nufin kora. Daga nan ya koma wata gonar kaji a bayan gari, ya yi shekaru yana kwasar mata ƙwai zuwa shaguna, har furfura ta cim masa a kan wannan aikin. Motarsa tsohuwa ce mai dogon baya, ya cire kujerun bayan ya shimfiɗa katifa, a kai yake jera kiret-kiret har kusa da rufi. In zai tuƙa sai ya cire silifas ɗin ƙafar dama ya tura ƙarƙashin kujera, wai da babban yatsa ake jin birki. Kana cikin motar ba ka sanin lokacin da ya fara tsayawa, sai dai ka ga bishiyoyi sun daina tafiya.

Ba shi da gida nasa, ba shi da gona. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan tsokane shi ta ce, "Kai dai dukiyarka duka a ƙafa ɗaya take." Shi kuma ya miƙe ƙafar a kan tabarma yana juya yatsu, ya ce ai ta ishe shi.

A layin masu kayan gyaran mota akwai wani mai shago da ake ce wa Orijinal, saboda ko tsinken sakace ya miƙo maka sai ya rantse orijinal ne. Mutum ne mai sheƙi da ƙamshin turare, ga daɗin baki. Ba na son sa, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar da takalman birkin Kawu suka cinye, wato 'yan ƙarafan nan da suke matse faifan taya mota ta tsaya, wajensa ya je neman irin wanda ya saba sawa. Orijinal ya ɗauko wani jan kwali mai hoton motar tsere ya ɗora a kan kanta.

"Baba, mutum irinka da wancan tarkacen? Wannan shi masu tseren mota suke sawa. Kai da kake ɗauko kaya mai laushi, ai kai ya kamata ka fi kowa birki mai kyau."

Kawu yana da rauni ɗaya, yana son a yabi aikinsa. Ya saya, aka sa masa a mota.

Gaskiyar da zan faɗa ko da ba ta yi mini daɗi ba ita ce kayan ba jabu ba ne. Direbobin doguwar hanya, masu gangaro tsauni da gudu, har yau yabon sa suke, sun ce komai zafin da ya ɗauka ba ya saki. Samari masu wasa da mota kuwa kamar su yi masa waƙa. Abin da Orijinal ya sani sarai ya kuma haɗiye shi ne wannan birki sai ya yi zafi yake kamawa. Da sanyin safiya, in ka taɓa shi a hankali, ko a jikinsa. In kuma ya ɗumama sai ya cafke kamar kare. Kawu kuwa da sassafe yake aiki, kuma duk rayuwarsa a hankali yake taɓawa.

Daga ƙofar gonar akwai 'yar gangara da take saukowa kan babban titi. Washegari ya yi lodi, ya gangaro, ya ɗora yatsa kamar kullum. Mota ta ci gaba da tafiyarta. Ya ƙara kaɗan, shiru. Ga babbar mota tana wucewa a gabansa. Sai ya taka da dukan ƙarfinsa, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Motar ta yi wani ƙara ta tsaya cak, ƙwai kuwa bai tsaya ba.

A haka ya tafi shagon, gwaiduwa tana bin ƙeyarsa har cikin riga. Ya tarar da samarin direbobi zaune a kan benci. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi birkin nan akwai magana. Da Orijinal ya ja shi gefe ya ce, "Baba, kuskure na yi, ba irin aikinka ba ne," da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma ya dubi samarin nan, masu sayen jan kwalinsa, ya ɗaga murya.

"Baba, birki lafiyarsa ƙalau, tambayi yaran nan. Ƙafar ce ta tsufa. Auduga ma in ta daɗe ai dunƙulewa take."

Benci ya fashe da dariya. Kafin la'asar maganar ta zaga layin, kafin mako ta kai kunnen mai gonar kaji. Mace ce mai kirki, amma mai lissafi. Ta kira Kawu, ta yi masa godiyar shekaru, ta ce lokaci ya yi da zai huta, ta ba wani matashi aikin. Kawu ya dawo gida. Ya zauna a kan tabarma ya lanƙwashe ƙafar ƙarƙashinsa. Ni ce na yi kukan, kuma ba kukan tausayi ba ne, ji nake da na ga Orijinal a lokacin da na shaƙe shi.

Bakanikensa, abokinsa tun na ƙuruciya, shi ya kwance taya ya bayyana masa yadda abin yake. Ya ce, "Kawo in cire maka masifar nan in sa na gargajiya. Dubi yadda ya baƙanta maka wili, faifan ma cin sa yake. Ga wannan kuka kamar ana yanka akuya."

Kawu ya ce, "Kukan nan, yana iya fin haka?"

"In ka taka da ƙarfi mana. Akwai man da ake shafawa a bayansa ya rage."

"Kar ka shafa. Mayar da tayar."

Daga ranar Kawu ya samu sabuwar sana'a. Ya koma ɗaukar kayan da ba sa fashewa, buhunan gawayi, katako, tsofaffin ƙarafa, amma ko ina za a kai su, hanyarsa sai ta bi ta layin masu kayan gyara. Yana zuwa daidai ƙofar Orijinal sai ya ɗaga ƙafa, da silifas ɗinsa da komai, ya narka wa birki. Ƙarar takan shiga haƙori. Masu shayi su zubar, jarirai su farka, masu ciniki su toshe kunne. Sai ya leƙo ta taga da fara'arsa.

"Jama'a kar ku tsorata, orijinal ne! A nan na saya! Ku shiga, akwai saura!"

Ya ja mota ya tafi. An jima kaɗan ya dawo ta ɗaya ɓangaren.

Da farko Orijinal dariya yake, yana ɗaga masa hannu. Bayan an kwana biyu ya daina zama a waje. Wanda ya zo sayen birki yana riƙe da jan kwali, in ya ji wannan kururuwa ya kuma ji an ce daga nan ta fito, sai ya ajiye ya ce bari ya je ya dawo. Yaran layin suka koyi kwaikwayon ƙarar da baki, Orijinal na fitowa za su fara. Maƙwabtansa suka dame shi ya sallami tsohon nan su huta. Ni kuwa in na taso daga shagon ɗinkina nakan biyo ta can takanas, in sayi ruwa in tsaya jira. Wallahi ban taɓa jin kiɗan da ya yi mini daɗi kamar wannan ƙara ba.

Inna ce kaɗai ba ta ga abin dariya ba. Ta ce, "Malam, man da kake ƙonawa a layin nan ya fi wanda kake ƙonawa a neman abinci. Ka dawo da gwiwa a kumbure kullum, a kan wa?"

Ya ce, "A gaban mutane ya faɗa. A gaban mutane zai janye."

Damina ta wuce, wata ta kusa. Orijinal ya aiko bakanike da takalman birki na gargajiya kyauta, har da sabon faifai. Kawu ya mayar. Orijinal ya aiko da ban haƙuri a asirce, Kawu ya ce shi bai san asirce ba. A ƙarshe Orijinal ya zo gidan da kansa, ya rame, turaren ma ya ragu. Ya durƙusa a tsakar gida ya ce, "Baba, don girman Allah me kake so?"

"Ba ka ce ƙafata ce ba? To taka ai sabuwa ce. Gobe da sassafe ka zo gona. Ka tuƙa motata da ƙwai a baya, daga ƙofa zuwa titi kawai. In ka sauke lafiya, ba za ka ƙara jin ƙarata ba."

Ko dai ya raina gangarar, ko ya gaji, ya amsa.

Ni na ɗauki nauyin ƙwan gwaji. Na je wajen ma'aikatan gonar na ce su tara mini baragurbi, wanda ya kwana biyu a rana, wanda su da kansu ba sa son ɗagawa. Na jera shi da hannuna, na sa kiret na sama daidai saitin wuyan direba.

Safiyar an yi yayyafi, gari ya yi sanyi. Mai gona ta fito, bakanike ya zo, samarin benci ma ba a bar su a baya ba. Orijinal ya iso cikin farar riga, ya shiga, ya gyara madubi. Mota ta gangara. Muka ga jar fitilar baya ta kama, mota ba ta rage ba. Ta ƙara kamawa. Sai ƙarar nan da muka sani, sai wani sauti mai laushi a bayanta. Da ya buɗe ƙofa, warin ya riga shi fitowa. Samarin suka ja baya suna toshe hanci, dariya har da masu zama a ƙasa.

Kawu ya taka a hankali har gabansa. "Ƙafar ce?"

"Birkin ne, Baba."

"Kunnena ma ya tsufa. Ban ji ba."

"Birkin ne! Ba na aikinka ba ne, na sani, na sayar maka!"

Mai gona ta rufe baki da mayafi. Da ta gama dariya ta ce wa Kawu matashin nan dama ya ishe ta da fashe-fashe, ya gyara motarsa ya dawo bakin aiki. Ranar Inna ta yi girki kamar ana biki, ni kuma na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Bakanike ya sa birki na gargajiya da sabon faifai. Ranar komawa aiki na ce sai na raka Kawu, ina so in ga shigarsa shaguna da idona. Aka yi lodi har rufi. Ya zauna yana murmushi, ya yi bismilla, muka gangaro. Babu mota a titi, babu akuya, babu komai. Tsayawa ce irin wadda ya yi sau dubbai.

Na ga gwiwarsa ta ɗaga sama da kanta, kamar yadda ta saba a ƙofar Orijinal, ta sauko da ƙarfi. Wannan birkin kuwa ba ya jiran zafi. Goshina ya bugi gilashi. A bayanmu na ji ƙwai yana fashewa, layi bayan layi.

Ya ce bari ya sake gwadawa. Ya ja kaɗan, ya ɗora yatsa, ina ganin yadda yake cije leɓe yana lallashin ƙafar, amma ta yi rawa, ta danna. Wani kiret ya zame.

Ya kashe mota. Ya daɗe yana kallon ƙafar kamar ta wani ce aka ba shi aro. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, kin gani? Da ya faɗa, ƙarya yake. Yanzu ya zama mai gaskiya."

Kawu bai ƙara ɗaukar ƙwai ba. Da kansa ya koma ya ba mai gona haƙuri, ya ce ta nemi wani. Gawayi yake ɗauka har yau, kuma ba ya bin layin masu kayan gyara. Inna takan ce shi ya yi wa kansa, bakanike ma haka yake gani. Su suka sani. Ni dai na san wanda ya ɗauko jan kwali ya ɗora a kan kanta, na san wanda ya ɗaga murya don benci ya ji. Ƙwan da ya fashe na yafe, aikin ma na yafe. Amma a ce bakin Orijinal ne ya faɗi magana a kan kawuna ta kuma tabbata, wannan kam Allah ya isa.