Kafet Ɗin Mahaifina da Na Jefa Gulbi

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma abin da ya faru shekarar da muka gyara gidanmu na Yelwa, wannan kam har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shi ba. A kan tsohon kafet ne, kuma har yau idan na tuna sai na ji kunya ta lulluɓe ni.

Mahaifinmu ya rasu da kamar shekara guda, muka yi shawara da 'yan'uwana a gyara gidan, don damina ta fara cin bangon ɗakin baƙi. Ni ne babba, ni ne kuma ke zaune a gari, sai aikin ya faɗo wuyana. A lokacin ina da wani hali, Allah ya yafe mini: idan na yanke abu a raina, ba na son a ce mini ƙala. Tambaya ma gani nake kamar ƙasƙanci ce.

A ɗakin baƙin akwai wani jan kafet mai zanen furanni, bango zuwa bango. Tun ina firamare aka shimfiɗa shi. A kansa mahaifinmu ke nafila, a kansa yake karɓar baƙi, a kansa kuma aka kwantar da shi ranar da ya cika. Kusa da ƙofa akwai wata ƙuna baƙa, faɗin tafin hannu. Aminin mahaifinmu ne ya yi ta, wani masunci da muke kira Baba na bakin gulbi, ranar da ƙafarsa ta ture kaskon garwashin shayi. Shekara da shekaru suna tsokanar juna a kan ƙunar nan. Duk sanda ya shigo sai mahaifinmu ya ce, "Ja da baya, mai ƙona gidan mutane ya iso."

Da za a sa tayil, aka naɗe kafet ɗin aka fitar da shi tsakar gida. Ƙasansa ya ruɓe ta gefen da ruwa ke yoyo, sai wari yake, amma tsakiyarsa da sauran ƙarfi. Mai sa tayil ya dube shi ya ce, "Yallaɓai, a yanka shi mana. Masu jirgin ruwa na so, masu shago na so. Ruɓaɓɓen wurin kawai za a san yadda za a yi da shi."

Raina ya ɓaci. Na ce shimfiɗar mahaifina ce za a rarraba wa mutane suna takawa da takalmi? Na ce ya yi aikin da ya kawo shi. Bawan Allah ya koma kan tayil ɗinsa.

Da yamma Inna, mahaifiyarmu, ta fito alwala, ta tsaya a kan naɗin ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mi za ka yi da shimfiɗar Malam?" Na ce ina tunani. Ta ce, "Komi za ka yi, kar ka kai ta juji. Goshinshi ya taɓa wurin nan." Ta wuce abinta.

Maganar nan ta zauna mini. Juji ba zai yiwu ba, ƙonawa kuma zuciyata ta ƙi. Sai na tuna wani abu da na sha gani tun ina ƙarami. Idan takardun karatu suka tsufa suka yayyage, mahaifinmu ba ya yarda su taɓa shara. Yakan naɗe su da ɗan dutse, mu tafi bakin gulbi, ya shiga jirgi ya sake su inda ruwa ke da zurfi. Haka dattawan unguwarmu duka ke yi. A wurinmu abin da aka girmama, ruwa ake ba. Nan take na ji kamar an yaye mini duhu. Na ce ai shi ke nan, gulbi zan ba shi, cikin mutunci.

Ban shawarci kowa ba. Washegari bayan la'asar na sa leburori biyu suka ɗora shi a a-kori-kura, muka gangara can ƙasa da gari inda babu jama'a. Muka cusa duwatsu cikin naɗin, muka ɗaure da igiya, muka ɗauki jirgi. Mai jirgin ya ce, "Anya kuwa?" Na ce ya tuƙa kawai. Da muka kai tsakiya muka tura shi, ya yi kumfa, ya nutse. Har addu'a na yi wa mahaifina a wurin. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki, wallahi har da ɗan alfahari.

Aka gama aiki, ɗaki ya yi fes. Ruwan gulbi ya fara hauhawa kamar yadda ya saba, ni kuwa na manta da zancen kafet.

Bayan kusan wata biyu, wata ranar Asabar da hantsi, ina zaune a ɗakin na ji sallama. Baba na bakin gulbi ne. Tun sadakar arba'in rabona da shi. Ya rame, hannunsa na dama naɗe da bandeji har wuyan hannu, ɗaya hannun riƙe da baƙar leda. Ya cire takalmi, ya tsaya yana duban tayil ɗin kamar ya shigo gidan da bai sani ba, sannan ya zauna kusa da ƙofa, wurin zamansa na da.

Muka gaisa. Na ce, "Baba, me ya sami hannun?"

Ya buɗe ledar da hannun hagu, ya fito da wani ƙyalle mai kauri, ya shimfiɗa a gabana. Launinsa ya koɗe, laka ta shige shi, amma furannin na nan. A tsakiyarsa ga baƙar ƙuna, faɗin tafin hannu.

Ya ce, "Ɗana, ka san wanga?"

Nan take na gane shi.

A hankali ya ba ni labari, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ya ce wata rana ya je ɗaga komarsa da safe, ya ji nauyin da bai taɓa ji ba. Har ya fara murna, ya zaci giwan ruwa ne. Ashe igiyar da muka ɗaure ta kwance, kafet ya baje a ƙarƙashin ruwa, ya sha laka, ya taho ya nannaɗe komar. Ya ja, ta ƙi. Koma guda gare shi, ita ke ciyar da gidansa, don haka ya faɗa ruwa ya kwance ta. Yana cikin kwancewa zaren kafet ɗin da ya warware ya zarge masa yatsu biyu, ruwa ya ja jirgi gefe guda, nauyin kafet ya ja ɗaya gefen. Ya ce zaren roba ne, ba ya tsinkewa. Da ƙyar ya kai wuƙa ya yanke, numfashinsa na gab da ƙarewa. Komar ta yi kaca-kaca. A asibiti aka cire ɗan manuni daga gaɓa ta biyu, na tsakiya kuma aka ce ba zai sake lanƙwasuwa ba.

"Da mutane suka jawo shi gaɓa," in ji shi, "ina zaune jini na zuba, sai idona ya faɗa kan ƙunar ga. Na ce, Malam, kai ne ka zo gaishe ni haka?" Ya ɗan yi murmushi, amma idonsa ya cika da ƙwalla.

Na durƙusa gabansa. Na ce, "Baba, ni ne. Don girmama shi na yi. Na ga yadda yake yi da takardu."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na zo da kaina ban aiko ba. Takarda, ɗana, kwana kaɗan ruwa ya narkar da ita. Wanga roba ce. Gulbi ba ya cin ta, ajiye ta yake yi ma wani. Wannan karon ni ya ajiye ma."

Ashe Inna na bakin ƙofa tana ji. Ban taɓa ganin ta yi kuka gaban baƙo ba sai ranar. Ta ce, "Na ce kar ka kai juji. Ban ce ka kai gulbi ba. Don mi ba ka tambaye ni ba?"

Washegari na bi Baba zuwa inda aka yar da kafet ɗin a gaɓa. Na kira mai sa tayil ɗin nan da na gwasale, na ba shi haƙuri, ya zo da wuƙarsa. Muka wanke lakar, muka shanya shi kan duwatsu kwana uku. Abin mamaki, bayan duk zaman da ya yi a ruwa, tsakiyarsa ko gezau. Muka yanka shi gunduwa-gunduwa, masu jirgin fito suka karɓa suka shimfiɗa a kan katakon zama. Ruɓaɓɓen gefen da zaren da ya warware muka tattara tsaf, muka haƙa rami mai zurfi a kan tudu, nesa da inda ruwa ke kaiwa, muka binne. Abin da aka gaya mini tun ranar farko ke nan, na ƙi ji.

Wata ranar kasuwa na ga wata tsohuwa ta shiga jirgi, ta zauna a kan jan ƙyallen, ta shafa shi ta tambayi na wane ne. Da aka faɗa mata sai ta ce Allah ya jiƙan mai shi. Na juya baya don kar a ga fuskata. Ni da na hana a taka shi, ashe addu'a nake tare wa mahaifina.

Na saya wa Baba sabuwar koma, ya karɓa ya sa albarka. Amma bai ƙara ɗinke koma da hannunsa ba, shi da a da har daga garin Wara ake kawo masa gyara. Ya koma zama a inuwa yana nuna wa wasu da baki. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk Juma'a idan muka fito masallaci ya miƙo mini hannu, nakan ji gurbin yatsan nan a cikin tafina.

Baba ya rasu shekarun baya. Guntun mai ƙunar yana nan a akwatina. Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan mutum ya ƙi tambaya, kuma duk abin da ka raba da gidanka bai ɓace ba, wurin wani ya tafi. Yanzu ko ledar ruwa zan yar, sai na tsaya na tambayi kaina hannun wa za ta faɗa.