Na'urar da Rabi ta ƙi bayarwa

Da wannan damina matata Hajiya Rabi ta cika shekara uku da rasuwa. Mutanen Magaria sun san ta da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya aje aiki, kuma na zauna da ita fiye da rabin rayuwata. Ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami bana ba. Makon jiya wani maƙwabcina ya nuna mini hoto a salularsa: na'urar numfashi ta masu minshari, ta hannu, ana tallarta da araha, wai har Dungas za a kawo wa mutum. Ina ganin hoton na gane ta. Irin ta Rabi ce, har launin.

Rabi ta daɗe tana minshari, kuma abin yana ba ta kunya ƙwarai. Ko biki aka je Yekuwa ba ta yarda ta kwana cikin mata. Mu duka mun ɗauka ƙiba ce da gajiya. Ni kaɗai na san akwai abin da ya fi ƙarar ban tsoro, wato shirun da ke biyo bayanta. Numfashin yakan tsaya cak, ƙirjinta na ta kokawa, sai can ta fizgo iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Gari ya waye ta tashi da ciwon kai, da rana kuma barci ya riƙa fizgarta a tsakiyar magana.

Wata rana da hantsi tana zaune gaban kaskon suya, mai na tafasa, barci ya ɗauke ta. Hannunta ya zame cikin man. Ihun matan da ke taya ta aiki ne ya fito da ni daga ɗaki. Bayan ƙunar ta warke ƙanenta Lawali, wanda ke zaune a Kano, ya matsa sai an kai ta wurin likita a can. Likitan ya gwada ta, ya ce maƙogwaronta ne ke rufewa idan ta yi barci, kuma shi ke ƙara mata hawan jini. Ya ce akwai na'ura mai tura iska ta tiyo zuwa wani takunkumi da ake ɗaurawa a hanci. Sabuwa ta fi ƙarfinmu. Lawali ya haɗa mu da wani ɗan kasuwa mai kai wa shagunan magani kaya tsakanin Kano da Magaria. Zan kira shi Alhaji kawai. Ya kawo mana ta hannu, wadda aka yi amfani da ita a Turai, fes da ita.

Ba zan zalunci na'urar nan ba, ta dawo mini da matata. Muka haɗa mata sola da batir saboda ɗaukewar wuta. Ba a daɗe ba Rabi ta daina gyangyaɗi, fuskarta ta washe, ta koma zuwa kasuwar Dungas da kanta da jarkokin mai. Har tsokana take yi, tana ce mini yanzu ta gano ashe ni ma ina minshari.

Sai ga Lawali a waya wata rana bayan La'asar, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Ya ce wani abokinsa ma'aikacin asibiti ya gaya masa kamfanin da ya ƙera irin wannan na'ura ya yi shelar a mayar masa da su, tun tuni ma, mu ne labarin bai iso mana ba. Akwai wani soso a ciki da aka sa don rage ƙara, yana ruɓewa yana marmashewa, mai barci yana shaƙa. Zafi kuma yana ƙara saurin ruɓewar. Ina jin kalmar zafi na dubi tsakar gida. Bazara ce, ko ƙasa ba ta takuwa.

Rabi ta shiga ɗaki ta ɗauko takunkumin, ta sami farin ƙyalle ta goge cikinsa, ta fito haske ta buɗe. Ga su nan, baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar garin gawayi. Ta ce, "Malam, na jima ina ganinsu. Na ɗauka ƙura ce."

Muka kira likitan Kano. Maganarsa ba ta sanyaya mana rai ba, amma gaskiya ya faɗa. Ya ce idan ta ci gaba, ba wanda zai iya ce mata ga abin da garin nan zai yi wa huhunta. Idan ta bari kuma, da irin hawan jininta, haɗarin ya fi kusa. Shawararsa ita ce ta ci gaba na ɗan lokaci, ta nisanta na'urar daga zafi, mu gaggauta neman wata.

A nan na fara yawon da har yau yake ci mini rai. Na ji cewa a ƙasashen da aka ƙera ta, hukuma ce ta tsaya a kan kamfanin, ta sa aka nemi masu na'urorin ɗaya bayan ɗaya, a gyara ko a musanya. Na ce to, mu ma ai muna da gwamnati. Na hau mota zuwa Damagaram, na shiga wannan buro, wato ofis, na fita, na shiga wancan. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Wani ma'aikaci ma har ruwa ya ba ni, ya saurare ni sosai, sannan ya ce, "Malam, da magani ne ya lalace, da mun san inda za mu bi. Amma wannan kayan gwanjo ne. A wurin kamfanin, mai ita wani Bature ne da ba mu sani ba. Matarka ba ta cikin lissafinsu." Na fito ina maimaita maganar a raina. Ita ke shaƙar garin, amma ba ta cikin lissafin kowa.

Ana cikin haka sai Alhaji ya yi sallama a ƙofar gidanmu wata ranar kasuwa, ɗauke da kwali. Lawali ne ya yi masa magana. Ya zauna a tabarma a zaure ya buɗe: sabuwa dal, ta wani kamfani dabam, ko ledarta ba a cire ba. Ya ce mu ba shi tsohuwar mu yi ɗan ciko, abin da ke hannunmu ma ya isa. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Har na miƙe zan ɗauko masa, sai na ji muryar Rabi daga bakin ƙofa.

"Alhaji, ita tsohuwar me za ka yi da ita?"

Ya yi ɗan murmushi. "Hajiya, ai akwai masu nema. A wanke ta, a canza tiyo. Akwai ma wani dattijo a wajen Guci, 'ya'yansa sun dame ni."

"Za ka gaya musu abin da ke cikinta?"

"Hajiya, ke ma ai ta yi miki amfani. Maganar Turawa ce, su komai tsoro."

Ta ce, "To ka mayar da kwalinka. Mun gode."

Na bi ta cikin gida. Ban taɓa ɗaga mata murya a gaban matan aikinta ba sai ranar. Na ce ta ba shi, ni da kaina zan hau kabu-kabu in je Guci in gargaɗi mutanen. Ta ce idan na hana na Guci, zai kai ta wani garin da ban sani ba. Na ce ranta fa ake magana. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malam, na san tsoron da nake ji duk lokacin da zan ɗaura abin nan a fuskata. Ni na san abin da ke ciki. Shi wancan bawan Allah ko sani ba zai yi ba. Da wane ido zan kwanta?" Na koma zaure na roƙi Alhaji ya bar mana sabuwar mu biya a hankali, tsohuwar kuma ta zauna a wurinmu. Ya ce shi ma kayan ba nasa ba ne. Na tsaya ina kallo ya ɗaure kwalin a bayan motarsa ya tafi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a zamanmu. Kowace safiya sai ta goge takunkumin ta duba ƙyallen. Ranar da baƙin ya yi yawa sai ta aje na'urar kwana biyu, sai ciwon kai ya dawo, jinin ya hau, ta koma mata dole. Ta kama wani tari da ya ƙi jin magani. Idan ta kishingiɗa bayan Azahar, nakan zauna a bakin ƙofa ina kallon ƙirjinta, ba na iya karanta ko layi ɗaya. Ta hana kanta komai tana tara ribar mai, Lawali ya taimaka, har ya sayi sabuwa a Kano. Sai aka rufe iyakar ƙasa tsakaninmu da Kano. Kafin ya sami mai babur da zai ratso da ita ta daji, Rabi ta yanke jiki ta faɗi wata safiya tana alwala. Sabuwar na'urar ta iske ta a gadon asibiti, bakinta ya riga ya mutu. Ta kalli kwalin, ta kalle ni. Ba ta ƙara kwana da yawa ba.

Likitoci sun ce hawan jini ne ya buge ta. Na tambaye su ko garin soson yana da hannu, ko kuwa kwanakin da take aje na'urar ne. Suka ce ba wanda zai iya rantsuwa. Don haka ni ma ba zan rantse ba. Tsohuwar na'urar dai, bayan an share makoki, matan aikinta suka fasa ta da taɓarya a tsakar gida, domin tun tana da baki ta ce haka za a yi.

Da Rabi za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta ga kowa da salula, labari na zuwa daga ko'ina cikin ƙiftawar ido, amma tallar kaya ta fi gargaɗi saurin isowa. Za ta ga har yanzu abin da wata ƙasa ta ce a janye yana iya tsallako iyaka a cikin kwali mai tsabta, ya sauka a ɗakin wani manomi. Na san abin da za ta tambaya, domin ba ta da dogon zance: wa ke dubawa? Ba abu mai wuya muke roƙo ba. A sami hukuma guda da aka ɗora wa wannan nauyi, wadda in an janye kayan lafiya a ko'ina za ta ji, ta sanar a rediyo da Hausa, ta bi shaguna ta kwashe. Kada a bar mara lafiya shi kaɗai da zaɓi tsakanin numfashinsa da na wani. Maƙwabcina dai na zaunar da shi na ba shi wannan labari, ya fasa saye. Sauran da suka ga hoton ban san su ba.

Mutane kan yabe ta a gabana, su ce mace ce mai tsoron Allah, ni kuma in ce amin, Allah ya jiƙanta. Amma ba zan ɓoye ba, har yau muna gardama da ita a zuciyata. Akwai ranakun da nake cewa ta yi taurin kai, da ta karɓi kwalin nan da watakila tana nan tana faɗa da jikokinta. Sai in ce wa kaina, to, a ce ta bayar, wa zai shaƙa a madadinta? Nakan zauna a ƙofar gida in dubi masu wucewa, tsofaffi a kan amalanke, mata da kaya a ka, in nemi mutum ɗaya da zan nuna in ce wannan ne ya kamata. Shekara uku ina nema, ban same shi ba.