Mai Jin Warin Gobara Kafin Ta Tashi

A layin garejin da ke bayan tashar mota, tsakanin rumfar mai walda da ta mai faci, akwai wata rumfar kwano da ba ta da allon suna, ba ta kuma buƙatarsa. Duk direban da motarsa ta kwana biyu a duniya ya san ta. Rumfar Baba Hanci ce.

Sana'arsa wayarin mota, amma masu wayarin a garin sun fi a ƙirga. Abin da ya raba shi da su, shi sansana mota yake yi. A kawo masa ita da zafinta, ya sa a buɗe bonet, ya goya hannuwa a baya, ya runtse ido ya sunkuya. Masu hayaniya su yi tsit kamar an shiga ɗakin mara lafiya. Can sai ya miƙe ya nuna wani lungu da yatsa ya ce, "Nan za ta kama." A tona wurin, a tarar da tiyon fetur ya bushe ya tsage, ko waya ta gogu da ƙarfe har jan ƙarfenta ya fito tsirara, ko ɓera ya tara tsummokara ya yi gida a gefen salansa. Har wanda ya saba ganin abin sai tsigar jikinsa ta tashi.

Da ƙuruciyarsa direba ne. Wata mota ta taɓa cinyewa ƙurmus a gabansa bayan ya daɗe yana jin wani wari a cikinta bai san fassararsa ba, ya tsira da rigar wuyansa kawai. Tun daga ranar ya bar sitiyari ya koma bin warin, har ya haddace shi. Fetur idan yana ɗiga, warinsa siriri ne mai shiga ido. Baƙin mai idan ya zubo a kan salansa mai zafi, nasa mai nauyi ne, a maƙogwaro yake zama. Wayar da ta fara narkewa ƙauri take yi kamar an manta bokitin roba kusa da murhu. Batir ɗin da caji ya yi masa yawa kuwa, ruɓaɓɓen ƙwai ne kawai. Yakan ce tsohuwar mota ba ta kamawa da wuta sai ta yi ta sallama, masu ita ne ba sa amsawa. Kuma gaskiyarsa, domin direban da fiyus zai ƙone masa ya naɗa guntuwar waya a gurbinsa ya ce ya yi dabara, shi ne kuma mai ɗora hannu a ka yana kiran ƙaddara.

Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, ba ta taɓa buɗe bonet ba a rayuwarta. Nata rabon daga sana'ar shi ne wanki. Tun suna ango da amarya a ɗaki ɗaya, idan ya dawo ya tuɓe kayan aiki, sai ta ɗaga rigar ta kai hanci kafin ta jefa a baho.

"Yau da waya ka yi fama, Malam."

"Kin kusa. Bel ɗin inji ne ya yi ƙauri. Sake ji a hannun rigar, za ki ji shi ya fi ɗaci."

Wasa ne suka mai da shi, suka yi ta yi har 'ya'ya suka zo, suka girma, suka watse gidajensu. Iya ba ta taɓa ɗaukar abin da wani muhimmanci ba. A ganinta baiwar ta mijinta ce, ita 'yar kallo ce da Allah ya ba ta kujerar gaba. Idan ta ji mata a famfo suna labarin yadda ya hana motar wane ƙonewa, sai ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba, alhali zuciyarta fal take da alfahari.

Sai wata shekara mura mai tsanani ta kwantar da shi, da zazzaɓi a kai. Ya warke, ya koma aiki, komai ya zama kamar da. Wata rana da hantsi, ranar da ba ya fita, Iya ta ɗora shinkafa ta leƙa maƙwabta barka. Hira ta ja. Tun daga bakin ƙofa ƙauri ya tare ta, ta shigo da sauri ta same shi zaune a kan tabarma, taku kaɗan daga murhu, yana gyaran rediyo hankali kwance. Mutumin da ke jin tukunya ta kama tun daga kan layi.

Ta sauke tukunyar, ta tsaya tana dubansa. Ya ɗago ya ga hayaƙin, sannan ya ga fuskarta. Bai yi musu ba.

"Tun murar nan ne, uwar yara. Ko fetur na tsoma hanci a ciki, kamar ruwa."

Likita ya ce mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa kuma ya tafi ke nan. Bai dawo ba. Tsoro ya kama Iya, ba don abin sawa a baki ba, domin hannunsa bai manta wayarin ba. Sunan take ji masa. Ta san mutanen gareji, bakinsu ba ya da birki. Mutumin da aka yi shekaru ana yin tsit idan ya sunkuya, a wayi gari ana yi masa dariya a bayan ido, wannan kam ta ƙudurta ba za ta gani da ranta ba.

Ita ta kawo dabarar. Da can aike take yi da abincin ranarsa, yanzu ta ce da ƙafarta za ta riƙa kai masa. Shi kuma duk motar da aka kawo a sansana, sai ya ce a bar ta tana aiki ta ɗauki zafi tukuna. Iya ta shigo da kular abinci a hannu, ta ratsa ta tsakanin motocin a hankali kamar mai ciwon gwiwa, tana amsa gaisuwa. Idan ta durƙusa zuba masa abinci, sai ta faɗa ƙasa-ƙasa, "Koriyar nan fetur ne, ta gefen direba. Fara kuma ƙaurin waya, kusa da batir." Ya ci abincinsa ya wanke hannu, ya je ya goya hannuwa a baya ya runtse ido ya ja iska, sannan ya nuna wurin. Ido da yatsu su ƙarasa sauran.

Abin ya tafi daidai har ya ba ta tsoro. Ba ta taɓa kuskure ba, ita kanta ba ta san duk wannan yana cikin kanta ba. Mai walda ya sa musu ido yana tsokana, wai tsofaffi sun koma amarci, Baba ba ya iya haɗiyar loma sai Iya na gefe. Ta yi murmushi ta bar shi a haka, don wannan zargin ya fi mata sauƙi.

Ranar da abin ya faru, jikarta ce aka kawo mata ba lafiya, ta makara. Tana shiga layin garejin ta hango wata tsohuwar bas a gaban rumfar, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba. Cike take da fasinja, kaya a sama an ɗaure da igiya, tafiya ce mai nisa. Direban ya biyo ne a sansana masa kafin ya ɗauki hanya, kamar yadda da yawansu suka saba. Ya ƙi jira, ya yi ta magiya, Baba ya ɗaga kujera ya duba iyakar abin da ido zai gani, bai ga ko ɗigo ba. Ya ja iska kamar kullum, ya buga jikin motar ya ce Allah ya kiyaye hanya. An mayar da kujerar, wata mata mai jariri a cinya ta hau ta zauna a kai.

Iya ta zo giftawa ta gefen ƙofar, warin ya soke ta. Siriri ne, mai ɗumi, irin na fetur ɗin da ya taɓa ƙarfe mai zafi. Ta ƙarasa wurin mijinta ta ce a hankali, "Malam, kar ta tafi."

Ya dube ta sau ɗaya, ya ɗaga wa direban hannu. "Dakata, ɗana. Bari in sake dubawa."

"Haba Baba, ai ka gama magana. Hancinka bai taɓa faɗa sau biyu ba."

Duk da haka Baba ya lallashe shi, aka sauke mai jaririn, aka ɗaga kujera. Baba ya haska da tocila, ya shafa nan ya shafa can. A bushe. Fasinja suka fara gunaguni, wani ya ce rana na yi. Direban ya saki kujerar ta koma mazauninta, yana dariya.

"Ido bai gani ba, hanci ya ce lafiya. To me ya rage? Ni da hancin nan naka ko cikin teku sai in shiga, Baba."

Ya haye ya ja ƙofa, matar ta gyara wa jaririnta zani ta koma ta zauna. Iya ta shiga laluben abin yi: ta yanke jiki ta faɗi a gaban motar, ko ta ce ta yi mugun mafarki, ko ta ce direban ya taɓa yi mata rashin kunya sai an yi shari'a. Komai ta yarda ta yi, a ce tsohuwa ta ruɗe, in dai sunansa zai tsira.

Ba ta kai ga zaɓa ba. Baba ya taka ya tsaya a gaban gilashin motar, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen. Bai ɗaga murya ba, amma har mai faci ya ji.

"Kashe ta. Hancin da kake rantsuwa da shi ya mutu tun bara. Ɗazu da na sunkuya ban ji komai ba, don ba na jin komai. Duk motar da na nuna muku tun daga lokacin, ga wadda ta ji ta faɗa mini."

Mai walda ya kashe injinsa. Idanu suka juyo kan Iya gaba ɗaya, tana tsaye da kula a hannu. Ta so ƙasa ta tsage.

"Taho, uwar yara," in ji Baba. "Nuna mini."

Ta ajiye kular. Aka sake ɗaga kujera, ya sa direban ya tayar da injin ya taka totur kaɗan. Karo na farko a rayuwarta Iya ta sunkuya a kan inji, zafinsa ya daki fuskarta. Ta bi warin kamar yadda take binsa a jikin riga, daga inda ya yi rauni zuwa inda ya yi kauri, har ta tsaya a bayan kafireta, wani lungu da ido ba ya kaiwa. Ta nuna.

Baba ya sa aka kashe motar, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa, yana cije leɓe don zafi. Ya zaro yatsunsa a jiƙe. Da ya kwance tiyon fetur ɗin da ke wurin ya lanƙwasa shi a gaban jama'a, sai ga tsaga ta buɗe baki ta ƙarƙashi. Sai inji ya ɗauki zafi take tsartuwa, fetur ɗin ya sauka a wuyan salansa ya bushe nan take, shi ya sa babu alamar da ido zai kama. Hawan tudu ɗaya mai tsawo ya ishe ta ta kama da wuta.

Direban ya karɓi tiyon yana juyawa. Matar nan ta rungume jaririnta ta koma can gindin bango ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana kallon kujerar da ta tashi daga kai.

A hanyar gida Iya ta yi ta tafiya a gaba, sai da suka kusa ta juyo, idonta ya ciko.

"Da ka ba ni minti ɗaya, Malam. Da na san yadda na yi na tsayar da ita ba tare da ka tona wa kanka asiri ba."

"Yau kin tsayar. Ranar da kika sake makara fa? Da bakina na ce masa ya tafi, uwar yara. Sunan ne ya kusa ƙona su."

Ta yi shekaru tana jinjina masa a kan hancin, sai ga shi ranar da ya tsaya a gaban mutane babu hancin ne ya fi cika mata ido. Ta rage sauri har ya iso, suka jera.

Labari ya zaga tasha kafin gari ya waye, kuma ba kowa ne ya yafe ba. Wasu sun ce an daɗe ana yi musu wasan kwaikwayo, suka ɗauke ƙafa. Masu dariya a bayan ido ma an samu, kamar yadda ta yi tsoro. Motocin da ke layi a gaban rumfar suka ragu, sai dai ba su ƙare ba.

Bayan kwana biyu ta fito da wuri, tana gab da shan kwanar rumfar mai faci ta ji wani direba ya yi fakin ya leƙo ta taga.

"Baba Han…" Sai ya haɗiye sauran, kunya ta kama shi.

Ta tsaya cak a inda ba za su gan ta ba. Baba ya ajiye wayar da yake fiƙewa, ya jawo wa mutumin benci.

"Faɗi abinka, ɗana, ba zagi ba ne. Buɗe bonet ka bar ta tana aiki. Hancin yana hanya, ya tsaya sauke tukunya ne."