Ciwon da Ba Ya Cikin Takarda

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Yaya, kin rasu ranar Talata, tara ga Safar, bayan azahar, kina zaune gaban keken ɗinkinki. Kafin in yabe ki, wajibi ne in faɗi laifina.

Wata huɗu da suka wuce aka sa miki ɗan bututun ƙarfe a jijiyar zuciyarki da ta toshe, irin wanda aka sa wa mijinki bara waccan. A bakin gadon asibiti na yi alkawari, Allah na shaida, cewa duk ranar da kika koka da jikinki zan mayar da ke wurin likita ba musu.

Ranar Asabar kika ce, "Ƙanwata, muƙamuƙina na ciwo, bayana ya riƙe, ga tashin zuciya." Na tashi na karanta takardar da ke manne a bangon ɗakinku, wadda aka ba mijinki ranar da aka sallame shi: ciwon ƙirji, ciwon hannun hagu. Na ce, "Naki ba ya ciki, Yaya. Gajiya ce." Kika yi dariya kika ce, "To, ashe ciwon ma sai na ari na maigida."

Sai bayan an rufe ki wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa ciwon zuciyar mace sau da yawa haka yake zuwa. Me ya hana a faɗa mana tun farko? Ke ko takarda ba a ba ki ba. Cewa aka yi, "Ai kun saba, akwai ta maigida."

Ina neman tsari daga fushi, amma ya ƙi kwanciya. Da aka yi wa mijinki aikin, wata uku kina auna masa gishiri, kina hana jikoki hayaniya a ƙofarsa. Da aka yi miki, kwana tara kika koma keke da murhu, ba wanda ya ce ki zauna. Har ni ban ce ba, ni da kika yi jinyata lokacin da na yi ɓari, kina gane zazzaɓina daga yadda nake ajiye kofi. Ke kin karanta jikina. Ni na karanta bango.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Ina yi wa mijinki da 'ya'yanki ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kuma ba mu kunnen jin 'ya'yanki mata idan sun koka.

Alkawarin nan kuwa, Yaya, ban cika shi ba.